Inda Sawun Khalifa Ya Ɓace

"Minti goma sha biyu, ba wanda ya taɓa ƙasa. Wanga kokawa ce ko gaisuwar surukai?"

"Kai dai ba ka san kokawa ba. Bahillacen nan ko mota ta ture shi, sai dai ita ta koma baya."

"To shi wa ya kayar? Tsayuwa anka ce a kai Maraɗi? In tsayuwa ce a ɗauki gawon bakin kasuwa mana, ya fi shi daɗewa tsaye."

"Ɗan Kanan-Bakashe dai za a ɗauka. Yaro kamar wuta."

"Wutar kara. Sau shida yana faɗuwa bana, biyu a gaban idona."

"Sau goma sha tara yana kayarwa, wannan idonka bai gani ba?"

"Ku rage murya, tsohon na jin ku."

"Ina fa. Ga shi can tsugune yana hira da rairayi."

Yana jin su sarai. Kunnensa na hagu ne ya mutu, tun ranar da wani ƙato ya matse masa kai a hammata shekara talatin da wani abu da suka wuce. Na dama kuwa, ko kaza ce ta taka kara a bayan danga sai ya ji. Bai ɗaga kai ba. Yana tsugune cikin da'irar buhunan yashi da aka kewaye filin da su, ya tattare rigarsa a cinya, yana duban ƙasa kamar wanda allura ta suɓuce wa.

Sunansa na yanka Abdurrahamane, amma ban da katin ɗan ƙasa ba mai kiransa haka. Turke ake ce masa, daga Mayahi har Tasawa. Igiya yake sayarwa a kasuwa, ta guga da ta ɗaurin dabba, a rumfar da ke kusa da masu kanwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk kaka in an gama kai damman hatsi rumbu, kwamitin kokawa na gari kan taso shi daga kan igiyoyinsa a ce ya zaɓo mazajen da za su tafi Maraɗi, inda ake tace waɗanda za su tsaya wa jaha a kokawar ƙasa, wadda gwaninta ke karɓar takobi.

Bana gurbi biyar aka ba su. Huɗu ba gardama, ko makaho ya ji ihun da ake yi musu ya san su ne. Na biyar ne ya hana Turke jin daɗin tuwo kwana uku.

Mutum biyu ke neman gurbin. Akwai Khalifa ɗan Malam Aliyu, manomi daga wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe, wanda kafin makaɗi ya gama gyara gangarsa ya riga ya shige ƙafar mutum. Ko ya kayar ko a kayar da shi, ba ya barin ƴan kallo su gyara zama. Akwai kuma Lurwanu, makiyayi, damina a arewa da shanu, rani a nan. Shekara shida ba wanda ya ga bayansa a ƙasa. Sai dai shi jira yake yi. Yakan bar abokin karawa ya yi ta dukan bango har numfashi ya ƙare masa, sannan ya kwantar da shi kamar mai sauke tulu. A dandalin ƙauye wannan ba laifi ba ne, don ba agogo, rana ce kawai ke faɗuwa.

Don a raba gardama aka haɗa su yau da hantsi, ranar kasuwa, a filin bayan makaranta. Aka ba su minti goma sha biyu irin na birni. Suka cinye mintocin tsaye.

Da sauran mutane gardamar ta ido ce. Da Turke ta tsohon miki ce.

A Kona aka haife shi, gidan masu bin sawu. In akuya ta ɓata, ko an kore wa wani saniya, ubansa ake kira, ya bi ta a kan ƙasa har ƙofar da ta shiga. Tun yana ɗan shekara bakwai uban kan danna masa ƙeya ƙasa: duba, wannan gurguwa ce, wannan ciki gare ta, wannan ba tafiya take ba, janta ake yi. Ya tashi da idon ubansa da ƙafafun da ba a san inda ya gado su ba, masu kauri kamar turmi. Kaka bakwai yana kokawa a ƙauyukan Tasawa ba a kai shi ƙasa ba. Makaɗa suka sa masa Turke, sunan ya bi shi.

Sai aka kai shi Maraɗi. Aka busa usur, ya kafa ƙafa yadda ya saba, yana jira. Abokin karawarsa wani siriri ne, ya yi ta kawo hannu yana janyewa, yana zagaye shi kamar ƙuda. Alƙali ya tsai da wasa, ya nuna Turke da yatsa. Bai gane ba. Aka ci gaba, aka sake nuna shi. Da lokaci ya cika sai ya ga an ɗaga hannun siririn, fili ya kaure da ihu, shi kuwa yana nan tsaye, ko gwiwarsa ba ta san ɗumin ƙasar Maraɗi ba. Gargaɗi biyu, don bai kai hari ba. Ƙa'idar a rubuce take, shi ne ba wanda ya karanta masa.

Ya koma Kona a bayan babbar mota, bisa buhunan albasa. Da aka tare shi ana tambaya wa ya kayar da shi, ya ce agogo. Gaskiya ya faɗa, amma dariyar da aka yi ta fi shekara goma ba ta mutu ba. Bai ƙara ɗaura walki ba. Ya kwashe iyalinsa ya dawo Mayahi, ya kama tufkar igiya.

Tun da aka ba shi zaɓe, duk gurbin da ya zo da shakka mai kai hari yake ba. Shekara uku a jere mutanen nan nasa suna dawowa tun ranar farko, da rairayi a gadon baya. Yau da safe, yana neman hularsa, matarsa Sa'adatu ta ce masa ba tare da ta ɗago daga kan dama furar da take yi ba: "Malam, ni dai ina ganin ba ƴan kokawa kake zaɓe ba. Har yanzu agogon nan kake wa gudu." Ya fita bai sha furar ba.

"Baba Turke."

Mushe Khalil ne, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, malamin wasanni na kwaleji kuma sakataren kwamiti, agogon awon lokaci rataye a wuya, littafi a hammata. Ya tsaya a bayan buhunan, don ya san dokar tsohon. Kafin kowace karawar gwaji Turke da kansa yake share fili, ya yayyafa masa ruwa jarka biyu, bayan an gama kuma ba mai taka ciki sai ya tashi daga tsugunonsa.

"Bon, to, ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Maraɗi sun ce kafin la'asar su ga sunaye a waya. In ba haka ba, da huɗu za mu tahi."

"Na ji."

"Ni dai abin a fili yake, Baba. Khalifa, karawa ashirin da biyar, kaye goma sha tara, faɗuwa shida. Lurwanu, karawa goma sha huɗu da na gani da idona, kaye tara, canjaras biyar, faɗuwa babu. Amma kayen nan tara, ba ko ɗaya da ya zo kafin minti goma sha biyar. Can kuwa ba a kai rabin haka ba za a fara nuna shi da yatsa." Ya sassauta murya. "Kai ka fi kowa sani."

"Yau fa? Mi agogonka ya gani?"

"Khalifa ya kai hari takwas. Lurwanu sifiri."

"Sifiri."

"Sifiri, Baba." Ya yi ɗan tari, ya gyara littafin a hammata. "Kuma shugaban kwamiti ya ce in tuna maka da wata magana. Ba ni na ce ba."

"Sauke ta, ta yi maka nauyi."

"Ya ce in bana ma anka dawo mana da mutum ranar farko, baɗi littafi zai yi zaɓe."

Turke ya gyaɗa kai. Ya san maganar na tafe, yau dai ta iso. Ba a biyansa komai a wannan aiki sai goro da gaisuwa, amma shi kaɗai ne abin da ya rage masa na kokawa. In an karɓe, mai igiya ne kawai, wanda agogo ya taɓa kayarwa.

Ya matsa gaba a tsugune. Tsakiyar filin ba abin karantawa, an tattake ta kamar masussuka. Sai can gefen gabas, gaban inda makaɗa suka zauna. Sau ɗaya tak karawar ta kai wajen, ya tuna, don lokacin ne jama'a suka miƙe da ihu suka tare masa gani, ana cewa Khalifa ya kuɓuce. A nan ƙasar na da sauran laima, sawu kuma ya zauna raɗau.

Na Khalifa gajere ne mai faɗi, yatsu a baje. Na Lurwanu dogo, da tsagar kaushi a diddigen dama. Ya bi su da ido, taki ɗaya, taki biyu. Sai ya tsaya.

Ƙafar Lurwanu ta dama ta nutse har zurfin yatsa huɗu, kuma ta wajen yatsu ta nutse. Mai tsaro da diddige yake shiga ƙasa, wannan kowane ɗan bin sawu ya sani. Mai ɗauka ne ke shiga da yatsu. Ta hagu ma haka, zurfin ya fi nauyin mutum guda. A gabansu akwai ɗan jan layi inda babban yatsan Khalifa ya karci ƙasa. Bayan wannan, babu. Taki ɗaya da rabi ba sawun Khalifa ko kaɗan. Sannan ga su can, ƙafa biyu a jere, a daidaice, kamar takalman da aka ajiye a ƙofar masallaci.

Ya rufe ido ya buɗe, don ya san halin zuciya: abin da take so shi take nuna wa mai ita. Ko dai kansa yake gani a jikin makiyayin nan, yana ƙirƙiro masa harin da bai kai ba? Ya sake aunawa da tafin hannu. Ƙasa ba ta sake magana ba.

"Mushe, tuɓe takalmi ka biyo bayana. Inda na taka za ka taka."

Mushe Khalil ya shigo yana ɗingishi kamar mai tsallake kwata. Ya duƙa, ya duba, ya gyara tabarau.

"Ni rairayi nake gani, Baba."

"A minti na nawa sunka zo nan?"

Ya buɗe littafi. "Biyu da daƙiƙa arba'in. Ga shi na rubuta, Khalifa ya kuɓuce."

"Wanda ya kuɓuce da ƙafa guda yake dira, ya watsa ƙasa, ya yi tangaɗi. Dubi wanga. Ɗaga shi anka yi, sannan anka ajiye shi."

"Ajiye shi? A minti na uku? Lurwanu?" Mushe ya dubi littafinsa kamar ya yi masa ƙarya. "To don mi? Mutum na neman gurbi, ya samu kaye a hannu, ya mayar?"

"Shi za ni tambaya. Kada ka aika komi."

"La'asar, Baba."

"Kunne guda gare ni, amma ya ji."

Kasuwa ta cika ta batse. Ya ratsa ta cikin masu tattasai da masu buhunan wake, ana ta kiransa, Turke wa ka ɗauka, Turke kada ka ba mu kunya bana. Bai tsaya ba sai gindin bishiyar bedin da matan Fulani ke jera ƙoren nono. Ya san uwar Lurwanu a nan take zama, Inna Hawwa, wadda ta daɗe tana sayen igiyar maraƙi a wurinsa tana rantsuwa cewa ta bara ta fi ƙarfi.

"Kaɗo, yau ba igiya? Ko ka gama ɗaure mutanen garin duka?"

"Inna Hawwa, ina ɗanki?"

"Wane ɗa? Ni shanu gare ni." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta kori ƙuda da faifai. "In wancan kake nema, yana rijiyar bayan kasuwar shanu, ya tahi shayar da shanun amalanken maigida."

"Wane maigida?"

"Maigidanmu mana. Malam Aliyu. Ai tare sunka zo da safe, amalanke guda."

Turke ya matso kusa. "Aliyu na wajen Kanan-Bakashe? Uban Khalifa?"

"Yau ka sani? Tun zamanin kakan wancan, in an cire hatsi gonarsu muke sauka. Shanunmu su ci kara su bar musu taki, rijiyarsu muke sha. Shekarar da ruwa ya ƙi, rumbunsu anka buɗe mana. Ranar sunan wancan ma, Malam Aliyu ne ya riƙe ragon." Ta ɗebi nono a ludayi ta mayar, ta kalle shi ta gefen ido. "Ku da takardunku, kun ga wannan an rubuta rugar arewa, wancan an rubuta Kanan-Bakashe, kunka tashi kunka zuba su fili guda. Da kun tambayi mai nono."

Shi Turke da ke gane akuya mai ciki a kan ƙasa, bai tambayi a gonar wa mutum ke kwana ba.

A bakin rijiya ya sami Lurwanu, dogo, baƙin rawani a wuya, yana jan guga shanu biyu na sha a kwami. Da ya hango Turke ya saki igiya ya durƙusa.

"Baba, sannu da rana."

"Tashi. Ka ɗaga shi."

Lurwanu bai tashi ba. Sai ƙarar ruwa a bakin shanu.

"Minti na uku, gaban makaɗa. Ka ɗaga shi har ƙafarsa ta bar ƙasa, ka ajiye shi kamar ƙwaryar nonon uwarka."

"Santsi ne, Baba."

"Ni na yayyafa ruwan. Na san inda santsi yake."

Saurayin ya ɗauki wani tsinke yana zane a ƙasa. Da ya yi magana, da ƙyar kunnen dama ya kamo ta.

"Malam Aliyu na zaune a gaba. Da na ɗaga, sai na ga hularsa." Ya ja wani layi a ƙasa. "Jibi za mu kora shanu gonarsa. Da wane ido?"

"Kana son Maraɗi?"

"Khalifa na so."

"Ba shi na tambaya ba."

Tsinken ya karye a hannunsa. "Shekara shida nake jin ta a rediyo, a bayan shanu. Na san sunan kowa."

"Can ba a jira. Akwai agogo."

"Na sani. An ba ni labarin wani da agogo ya kayar."

"Ni ne."

"Na sani, Baba." Ya ɗago ido karo na farko, ya sake sunkuyarwa. "Shi ya sa tun farkon damina nake koyon shiga da wuri. Da bijimi ɗan shekara biyu nake gwadawa. Ban taɓa yi wa mutum ba sai yau, kuma sai ya zama shi."

"In na rubuta sunanka fa?"

"Ba zan shiga motar ba. Gari duka ya ga Khalifa na kai hari ina tsaye. A ce baƙo ya bi ta bayan gida ya cinye rabon ɗan masu gida? A'a, Baba. Ka rubuta shi. Allah ya ba shi sa'a."

Turke ya juya ya bar shi a durƙushe. Ya sami kututturen wata bishiya ya zauna.

Ya auna ta kowane gefe. In ya rubuta Lurwanu, hujjarsa sawu ne a rairayi, wanda kafin magariba awaki za su tattake. Za a ce tsoho ya zaɓi kansa, yaron kuma ba zai tafi ba, zumuncin da ya ajiye kaye dominsa ya lalace a banza. In ya rubuta Khalifa, ba mai zarginsa, littafi ma na bayansa. Amma ya san ya bar wanda ya fi a gida, ya kuma tura yaro Maraɗi yana ɗaukan ba mai iya raba ƙafarsa da ƙasa, wurin mutanen da ba su taɓa shan ruwan rijiyar ubansa ba. Sake karawa ce kawai za ta raba. Ita ma in an sake ta sau goma, tsaye za su ƙare, muddin hular nan na gaban fili. Shekara talatin yana sayar da igiya, ya san ba a kwance ɗauri ta tsakiya. Sai an nemo inda bakin yake. Bakin wannan kuwa ba a hannun kwamiti yake ba.

Ladan ya kira azahar. Bai gama ba sai ga babur ɗin Mushe Khalil yana tsalle a kan kunyoyin gona.

"Baba, ina ta nemanka. Shugaba ya ce in rubuta Khalifa a wuce wurin."

"Koma ka ce wa makaɗa kada su tahi. Ka sa a share fili, a yayyafa ruwa. Jarka biyu."

"Wata karawar? Yanzu? Abin da anka yi da safe za a maimaita."

"Sai in mutum guda ya ƙi." A taƙaice ya gaya masa abin da mai nono ta faɗa.

Mushe Khalil ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Wallahi ba gurbin wannan a littafina." Ya mayar da su. "Amma Baba, uba za ka je ka ce wa ya sa a ka da ɗansa? In ya ƙi fa? In ya ɗauka zagi ne, ya kore su daga gonar?"

Wannan tambayar ce Turke ke ta kauce wa tun daga bakin rijiya. In ta ɓaci, ba gurbi kaɗai zai tafi ba, har da masaukin mutanen da ba su roƙe shi komai ba.

"In ya ƙi, ka aika abin da littafinka ya ce. Baɗi ma kai za ka aika."

Ya yi salla a masallacin kasuwa. Bai san abin da ya karanta ba, shi dai ya ga an sallame.

Malam Aliyu na zaune bisa tabarma a inuwar rumfar masu hatsi, dattijo siriri mai farin gemu, hularsa ja a kai. Khalifa na gefensa, layu har yanzu a damtse, samari sun kewaye shi ana ta sai Maraɗi, sai Maraɗi. Can nesa kaɗan Lurwanu ya dawo da shanun, yana ɗaura su a amalanke, ya ba taron baya.

Turke ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da yadda kaka ta yi, aka sake tambaya. Inuwar rumfar ta riga ta fara miƙewa gabas.

"Turke," in ji Malam Aliyu, "an ce tun hantsi kake duban ƙasa. Mi ta ce maka?"

"Magana ce ta mutum uku, Malam. In samarin nan za su ba mu wuri."

Dattijon ya ɗaga hannu, samari suka janye suna waige. Khalifa ya gyara zama yana murmushi, ya ɗauka albishir ne.

Turke bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi abin da ya gani a gefen gabas: yatsun da suka nutse, taki ɗaya da rabi da ba sawu, ƙafa biyu a jere.

Khalifa ya zabura ya miƙe. "Ƙarya ne! Ni na zame masa! Kowa ya gani! Baba, ka ji tsohon nan, don shi an..."

"Zauna."

Kalma guda, ba a ɗaga murya ba. Yaron ya zauna, ƙirjinsa na hawa da sauka.

Malam Aliyu bai tambayi a wane minti ba ne. Bai tambayi ko Turke ya tabbata ba. Ya cire hular ya riƙe ta a hannu yana juyawa, yana dubanta. A nan Turke ya gane cewa ba shi kaɗai ya san inda sawun ya ɓace ba. Mutumin na zaune a sahun gaba, ba wanda ya tare masa gani. Tun hantsi yake karɓar barka da abin nan a cikinsa.

"Ɗana ne," in ji dattijon a hankali. "Tun yana goye yake kama ƙafar mutane. Uwarsa ta riga ta daka masa garin tafiya."

"Na sani, Malam."

"Wancan ma a hannuna anka raɗa masa suna."

"Shi ma na sani. Yau na sani, da na sani jiya da ban haɗa su ba."

Daga bayan makaranta ganga ta fara tashi, makaɗa na gwada fata. Mutane suka soma juyawa suna tambayar juna. Lurwanu ya tsaya cak da igiyar shanu a hannu, bai waiwayo ba.

"To, mi kake so da ni?"

Turke ya sa hannu biyu a ƙasa, ƙasar da bai taɓa yarda ya dafa a fili ba, ya sunkuyar da kai.

"Roƙo na zo yi, Malam Aliyu, ba ni da iko da kai. Ga baƙonka can riƙe da shanunka. Ni na yi masa magana bai ji ba, kwamiti ma ba zai ji ba, kai kaɗai zai ji. Ka kira shi nan gaban ɗanka, ka gaya masa da bakinka cewa gonarka da rijiyarka na nan yadda suke, ko wa ya faɗi. Ka ce masa in an koma fili ya kama Khalifa da gaske, in ya samu kaye kada ya mayar. Don Allah, Malam, ka kira shi kafin ladan ya kira la'asar."